Sabuwar dokar haraji ba ta san mai gini da adashi ba: Aikin da ke gaban mutanen Gwarzo da Kabo

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Kano, ya wuce Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo ya shiga Gwarzo, zai ga wani abu da ido ya riga ya saba da shi: gine-ginen da suka kai linta suka tsaya. Bulo ya yi baƙi saboda ruwan damina biyu ko uku, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, awaki sun mayar da falo wurin hutawa. Kowane kango yana da mai shi, kuma mai shi yana nan da rai. Ko dai yana cunkushe da iyalinsa a ɗaki ɗaya cikin gidan gado, ko yana biyan haya yana jiran ranar da kuɗin kwano za su haɗu.

Tun ranar 1 ga Janairu, 2026 sabbin dokokin haraji na Najeriya suka fara aiki, kuma cikin abubuwan da aka tallata su da shi akwai sauƙaƙa wa jama'a samun muhalli. Akwai gaskiya a cikin maganar. Sai dai idan aka ɗora dokar a kan rayuwar mutumin Getso ko Garo, za a ga rigar ba a jikinsa aka auna ta ba. An ɗinka ta ne da ma'aikacin birni mai babban albashi, mai takardar haya da rasit.

Wannan ba dalili ba ne na naɗe hannu. Mafi yawan abin da ke ƙara wa talaka tsadar gida a Gwarzo da Kabo ana yanke shi ne a Kano da kuma sakatariyar ƙaramar hukuma, wuraren da ƙafar jama'a ke iya kaiwa. Can ya kamata ƙungiyoyin cigaban gari su mayar da ƙarfinsu yanzu.

Kuka ya taɓa yin rana

Masu cewa magana ba ta canza komai su waiwayi abin da ya faru shekarun nan. A farkon Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran haraji. Ranar 28 ga watan gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin VAT ba, domin zai fifita jihohin da manyan kamfanoni suke. Malamai suka ɗauki maganar a kan mumbari, gidajen rediyon Kano suka yi ta yi, matasa suka cika Facebook da ita.

Yankin nan bai kasance a gefe ba. Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, ɗan Kabo ne, kuma shi ya jagoranci zaman da aka shigo da jami'an gwamnati zauren majalisa domin su yi bayanin ƙudurorin a watan Nuwamban shekarar. Ya sha suka a gida a kan haka.

Daga ƙarshe an sassauta. A Janairun 2025 gwamnoni suka amince da wani tsarin na daban, kuma da shi aka tafi. An bar VAT a kashi 7.5 cikin 100 maimakon ƙarin da aka so yi. Gwamnatin tarayya ta koma karɓar kashi 10, jihohi kashi 55, ƙananan hukumomi kashi 35. Abin da ya faɗo wa jihohi kuma ana raba rabinsa daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025.

Kafin wannan ma Kano tana da tarihi. Harajin kai da jangali sun daɗe suna raba magidanta da garuruwansu, har NEPU ta mayar da su abin gwagwarmaya tun daga 1950. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke su a Kano, Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna. Dattawan Gwarzo da Kabo da suka ga wancan zamani suna nan, a tambaye su.

Amma akwai bambanci tsakanin nasarar 1979 da ta 2025. Ta farko ta shiga aljihun talaka kai tsaye. Ta biyu nasara ce a kan yadda gwamnatoci za su raba kuɗi a tsakaninsu. Talaka ya yi ihu, gwamna ya karɓi kaso. Ko kason ya sauko Kutama ko Gude, wannan magana ce da har yanzu ba a fara ta da gaske ba.

Abin da dokar ta ba mai neman gida

Adalci ne a faɗi abin kirkin da ke cikinta.

Na farko, Naira 800,000 na farko a cikin abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Daga nan ake fara cire kashi 15 cikin 100 a kan Naira miliyan 2.2 da suka biyo baya, sai ya riƙa hawa har zuwa kashi 25 ga masu samun sama da miliyan 50.

Na biyu, akwai rangwamen haya. Ɗan haya zai iya cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai, amma kada ya wuce Naira 500,000, kuma sai ya bayyana ainihin abin da ya biya.

Na uku, babu VAT a kan sayen fili ko gida, babu a kan kuɗin haya. Duk mai gidan da ya ce wa ɗan haya ya ƙara kuɗi saboda “sabon VAT”, ya faɗi son ransa ne.

Na huɗu, kuɗin ruwan bashin da mutum ya ci domin gina gidan da zai zauna, da gudummawar da ake cire wa ma'aikaci ta Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire su kafin a lissafa haraji.

Na biyar, an kafa ofishin sauraron koke-koken masu biyan haraji, wanda doka ta ɗora wa alhakin shiga tsakani idan mai karɓa ya wuce gona da iri.

Duka waɗannan abin a yaba ne. Tambayar ita ce: nawa ne daga ciki ya isa hannun mutumin yankin nan?

A ɗauki alƙalami

Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano Naira 71,000 ne, wanda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar a Oktoban 2024. A shekara ya kama Naira 852,000. Idan aka cire kuɗin fansho, abin da ya rage bai kai inda haraji ke fara kamawa ba. Wannan alheri ne ga ƙaramin ma'aikaci. Amma ma'anarsa ita ce rangwamen haya bai ƙara masa ko sisi ba, domin ba a rage wa mutum abin da dama ba ya biya.

A ɗauki malamin makaranta da albashinsa ya ɗan ɗaga, a ce yana biyan hayar Naira 150,000 a shekara a cikin garin Gwarzo. Kashi 20 na wannan shi ne 30,000. Harajin kashi 15 a kan 30,000 shi ne Naira 4,500. Iyakar abin da rangwamen ya bar masa ke nan a shekara guda, kuma bai kai kuɗin rabin buhun siminti ba.

A ɗauki wani kuma a Abuja da ke biyan hayar Naira miliyan 2.5, wanda samunsa ya kai matakin kashi 21. Shi zai cire 500,000 cif, ya tsira da Naira 105,000. Doka ɗaya ce, amma ruwa ya fi zuba a inda dama akwai danshi.

Sannan ga maganar rasit. Haya a garuruwan nan yawanci da baki ake ƙulla ta, a gaban dillali ko mai unguwa, wani lokaci ma tsakanin 'yan uwa. Wanda ba shi da takarda da me zai kafa hujja?

Mafi girma duka, yawancin magidantan Gwarzo da Kabo ba 'yan haya ba ne, ba kuma 'yan albashi ba. Manoma ne, 'yan kasuwa, direbobi, teloli, masu sana'ar hannu. Ba banki ke gina musu gida ba. Ana sayar da masara ko waken suya a sayi bulo ɗari biyu, a kwashi adashi a sayi rodi, a sayar da sa bayan kiwo a yi rufi. Gida ɗaya kan ci shekara biyar, wani goma. Dokar ba ta yi wa irin wannan magini tanadin komai ba.

Inda harajin ke cizo

Mai gini da adashi yana biyan haraji, ko da bai taɓa taka ofishin haraji ba.

An yafe VAT a kan gidan da aka gama, amma ba a yafe shi a kan siminti da rodi da kwano da fenti da ƙusa ba. Buhun siminti da ake saye ƙasa da Naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024, har gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanoni aka yi yarjejeniyar 7,000 zuwa 8,000, wadda ba ta daɗe ba. A buhun Naira 10,000, kusan Naira 700 VAT ne. Wanda ya ci buhu 100 a gininsa ya biya kusan Naira 70,000, albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, a kan siminti kaɗai.

Wato mai kuɗin da zai sayi gida kammalalle ba a ɗora masa VAT a kan cinikin, shi kuwa mai tara bulo ɗaya bayan ɗaya yana biya duk lokacin da ya leƙa shagon kayan gini.

Bayan wannan akwai ƙananan karɓe-karɓe. Tifar yashi ba ta isa wurin gini sai an biya a inda aka ɗebo, an biya a hanya. Mai gidan bulo yana biyan kuɗin wuri da na sana'a. Direba da mai bulo ba daga aljihunsu suke fitarwa ba, a kan farashi suke ɗorawa. Tun 1998 doka ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta tare hanya domin karɓar haraji. Mutum nawa ne a kasuwar Getso suka taɓa ganin wannan jeri da Hausa?

Sabuwar dokar kuma ta tanadi harajin ƙiyasi ga masu sana'ar da ba su da cikakken lissafi a rubuce. Magina, kafintoci, masu walda da masu buga bulo duk nan suka faɗa. Idan aka ƙiyasta musu ba tare da an zauna da su ba, mai gini ne zai biya a ƙarshe.

Fili babu takarda

Babbar matsalar ta fi siminti. Ita ce takarda.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Filin da ke cikin yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, jiha ke ba da takardarsa. Wanda ke wajen nan, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya, kuma dokar ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin da zai ba ta shawara kan rabon filaye.

A aikace, abin da yawancin mutane ke riƙe da shi takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu. Tana da daraja a gari, amma ba ta buɗe ƙofar banki. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin masu zubi, yana ba da bashin gida a kan ruwan kashi 6 har zuwa shekara 30. Mai son ya yi gini a filinsa da wannan bashi sai ya kawo takarda mai ƙarfi. Ga kuma da yawa da ba za su taɓa bashin ruwa ba saboda addini. Don haka rangwamen da aka yi a kan ruwan bashin gida ya wuce ta saman kansu.

Rashin takarda kuma shi ke haifar da awon igiya. A yanka gona fuloti-fuloti, babu titi, babu magudanar ruwa, babu wurin makaranta ko maƙabarta. Idan damina ta yi ƙarfi gidajen ƙasa su zube, a dawo ana neman agaji. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, a ƙare a kotu, kuɗin rufi ya tafi a shari'a.

A ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta fara aikin sabunta takardun filaye ta hannun hukumar KANGIS. Manufar tana da kyau. Amma mutumin Lakwaya ko Durun da zai yi tafiyar kilomita masu yawa zuwa birni, ya je ya dawo sau uku ko huɗu, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa shi ya haƙura.

Abin da ke tafe ya fi wanda ake ciki

Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo sama da 150,000. Yaran da aka ƙirga a goye a lokacin su ne ke neman ɗakin aure yanzu. Gidan gado ba ya ƙara faɗi, magada ne ke ƙaruwa.

Ga kuma abubuwa uku da za su ƙara wa fili da haya wuta. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kabo an ɗaga ta zuwa jami'a a 2025. Ana aikin tagwaita titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi. Sannan hare-haren 'yan bindiga da suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025 sun raba mutane da gidajensu, kuma wanda ya gudo daga ƙauye gari yake nufa.

Jami'a da titi alheri ne, babu mai ja. Amma wanda ya ga yadda gonakin da ke kewaye da sabon mazaunin Jami'ar Bayero suka koma unguwanni, ya san abin da ke biyo baya. Masu kuɗi daga birni kan riga kowa zuwa, su saye gonaki da araha, su killace su jira. Bayan 'yan shekaru ɗan gari ya kasa sayen fuloti a gonar kakansa. Idan kuma gwamnati ce ta karɓi gona, diyyar da dokar 1978 ta tanada ta amfanin gona ce da gini da abin da aka kashe a kan filin, ba ta darajar ƙasar a kasuwa ba.

Manyan rukunin gidajen gwamnati ba su magance wannan ba. Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo duk a gefen birnin Kano aka gina su. Na gwamnatin tarayya da ake ginawa a Lambu ta ƙaramar hukumar Tofa, shi ma kusa da birni yake. Manomin Madadi ba ya cikin lissafin waɗanda za su saya.

Manya a sama, kango a ƙasa

Ba rashin manya ke damun yankin ba. A 2023 ƙananan hukumomin nan biyu, waɗanda ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, sun fitar da mataimakin gwamna, Aminu Abdussalam Gwarzo, da mataimakin shugaban majalisar dattawa, da kuma ƙaramin ministan gidaje, Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo, wanda ya riƙe muƙamin daga Agustan 2023 zuwa Oktoban 2024. Ƙananan hukumomi kaɗan ne a Najeriya suka taɓa haɗa irin wannan a lokaci guda.

Darasin shi ne muƙami yana zuwa ya wuce. Idan jama'a ba su da buƙata a rubuce wadda suka haɗu a kai, babba zai zo da abin da ya ga dama, a yi tafi, a watse. Yawancin ziyarar da ƙungiyoyi ke kai wa manya ta neman gurbin aiki ce ko tallafin azumi. Ba laifi ba ne. Amma buhun shinkafa mako biyu yake yi, takardar fili kuwa jikoki ke gada.

Buƙatu shida da za a iya rubutawa a takarda ɗaya

Ƙungiyoyin cigaban gari, na matasa da ɗalibai, na malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, na magina da masu bulo da direbobin tifa, da matan da ke riƙe da adashi, suna iya haɗuwa a kan waɗannan:

Ɗaya, a liƙa jerin haraji. Kowace ƙaramar hukuma ta buga da Hausa, da boko da ajami, duk harajin da ya halatta ta karɓa da adadinsa, a manna a sakatariya da kasuwanni da tashoshi da fadar dagatai. Abin da ba ya cikin jerin kada a biya, wanda ke ciki kuma kada a biya sai da rasit.

Biyu, a kawo ofishin takardar fili kusa. Gwamnatin jiha ta buɗe teburin KANGIS a Gwarzo da Kabo, ko da kwana biyu ne a mako, da farashi ɗaya sananne ga fulotin zama, da wa'adin da takarda za ta fito. A kuma bayyana wa jama'a iyakar inda aka ayyana birni, domin kowa ya san ƙofar da zai buga.

Uku, a farfaɗo da kwamitin filaye na ƙaramar hukuma, a sa hakimi da wakilan manoma da mata a ciki, a riƙa rajistar cinikin fili a littafi ɗaya da kowa zai iya dubawa kafin ya biya kuɗi.

Huɗu, a riga dillalai. Tun kafin jami'ar Kabo ta cika da ɗalibai, a fitar da tsararrun fulotai masu titi da magudanar ruwa, a ware kaso ga 'yan gari da masu gonakin da aka taɓa, a ba su damar biya kaɗan-kaɗan bayan kaka. Mutanen nan sun iya gina gidajensu. Fili mai takarda da hanya suke buƙata.

Biyar, a faɗi abin da ya shigo. Kashi 35 na VAT na ƙananan hukumomi ne, kuma ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Ofishin Babban Akanta na Tarayya yana fitar da abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata. Ciyaman ya tsaya gaban jama'a duk wata uku ya ce ga abin da aka ware, ga abin da ya iso, ga inda ya tafi. Idan bai iso ba, shi ma a faɗa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce.

Shida, a kai wa 'yan majalisar tarayya buƙata ɗaya tak: a nema wa mai gina gidan kansa na farko sauƙin VAT a kan kayan gini, ko ta hanyar ƙungiyoyin gama-kai masu rajista, sannan a faɗaɗa hanyar samun kuɗin gina gida marar ruwa. Doka ba wahayi ba ce, ana yi mata gyara.

Wani hanzari ba gudu ba

Masu karɓar haraji su ma suna da tasu hujjar. Ƙaramar hukuma ba za ta yi titi da magudana da iska ba, kuma Kundin Tsarin Mulki ya ba ta ikon ƙiyasta gidaje domin karɓar kuɗi bisa abin da majalisar jiha ta tsara. Yafe VAT a kan siminti kuma yana da haɗari, domin 'yan kasuwa na iya shanye sauƙin farashi bai sauka ba, manyan 'yan kwangila su fi kowa morewa. Shi ya sa buƙatar ta tsaya a kan mai gidan farko, ta hanyar da za a iya bin sawu.

Haka nan masu fafutuka su sani cewa wanda ke neman a yi masa lissafi, shi ma sai ya riƙe nasa. A daina cinikin fili da baki. Mai gida ya ba ɗan haya rasit ko da a takardar littafin makaranta ce. A biya abin da ya halatta, a adana shaida. Ƙungiyar da ta je gaban ciyaman da rasit ɗari na mambobinta ta fi ƙarfin wadda ta je da ihu.

Sai kuma babban tarko, siyasa. Yankin nan ya san zafin adawa, kuma zaɓen 2027 na ƙaratowa. Ranar da wannan fafutuka ta sa hular wata jam'iyya, ranar ta mutu. Farashin kwano ɗaya ne ga mai jar hula da wanda ba ya sa ta. Abin da ya dace shi ne a miƙa takardar buƙatun ga duk mai neman kansila, ciyaman, majalisa ko gwamna, a nemi amsarsa a bainar jama'a, a ajiye.

Majalisar Dokokin Kano kan saurari jama'a kafin ta amince da kasafin kuɗi. Wannan zama ba na 'yan birni kaɗai ba ne. Mota ɗaya daga Gwarzo, ɗaya daga Kabo, da takarda mai shafi ɗaya da sa hannun ƙungiyoyi daga mazaɓu 20 na ƙananan hukumomin biyu, sun isa a fara.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka rubuta dokar haraji a Abuja ba su san kangon da ke bayan tashar Gwarzo ba, kuma ba za su sani ba sai an faɗa musu da alƙalami da lissafi. Damina na nan tafe, bulon da ke tsaye zai ƙara shan ruwa. Kafin ta sauka, ya kamata a ce takardar ta isa teburin ciyamomin biyu.